Jirgin Faiba Ba Ya Shan Kwalta

'Yan'uwa manoma, musamman ku da ke zaune a bakin Binuwai da Kwara da tafkin Kainji, maganata ta wannan wata a kan jirgin ruwa take. Na san wani zai ce, me ya haɗa manomi da jirgi? Wanda gonarsa ke ƙetaren kogi ba zai yi wannan tambaya ba. A jirgi taki yake hayewa, a jirgi shinkafa take dawowa, mai naƙuda ma idan abin ya zo da dare a jirgi za a kai ta asibiti.

Ba mu manta da abin da ya faru a watan Mayu na 2021 ba, sa'ad da wani jirgin katako ya tsage a kogin Kwara kusa da Wara ta jihar Kebbi, yana ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. A watan Yuni na 2023 kuma wani ya kife da 'yan biki a yankin Patigi ta jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka rasu. Bayan waɗannan haɗura hukumomi sun yi ta kira a bar jiragen katako a koma na faiba da na alminiyam. Ga shi kuma manyan itatuwa irin su maɗaci da kawo, waɗanda kakanninmu suka sassaƙa kwalekwale da su, sun yi wuyar samu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan maganar sayen jirgin faiba ta taso a taron ƙungiyarku.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne, ko da yake bayaninsa yana da tsawo. Duk ƙungiyar da ba ta shirya koyon gyaran jirgin faiba ba, kada ta saya. Wadda ta riga ta saya kuwa, ta nemi ilimin gyaran kafin ruwa ya sake cika.

Bari mu fara da sanin abin. Faiba abu biyu ne aka haɗa. Na ɗaya zaren gilas ne, siriri ya fi gashi, ana saƙa shi kamar yadi ko kuwa a daddatsa shi a manne kamar tabarma. Na biyu wani ruwa ne mai kauri kamar zuma, ana ce da shi rezin, wanda yakan daskare ya zama kamar dutse idan an ɗiga masa maganin daskarewa, wanda masu sayarwa ke kira hadna. Ƙarfin yana cikin zaren, rezin kuwa shi ne ke riƙe zaren wuri ɗaya, yana hana ruwa shiga. Wanda ya taɓa kwaɓa ƙasar gini da ramno ya riga ya gane dabarar: ƙasa ita kaɗai tsagewa take yi, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayawa. A waje kuma akwai wata fata mai santsi da launi, jelkot, mai kare jikin daga rana da ruwa. A Amurka aka fara yin zaren gilas da yawa a shekarun 1930, kuma a 1942 wani mutum mai suna Ray Greene ya ƙera jirgi da shi a garin Toledo. Watau abin ba sabo ba ne, a wurinmu ne kawai yake baƙo.

Mutanen da na fi so mu yi koyi da su a wannan sha'ani su ne masu tuƙa kayak a teku. Kayak wani ɗan siririn kwalekwale ne na mutum ɗaya, a rufe ta sama, sai ramin da matuƙi ke zama. Asalinsa na mutanen Inuit ne da ke ƙasashen ƙanƙara, Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suka yi nasu da ƙashi da itace da fatar dabbar teku. Daga baya Turawa suka riƙa yin sa da faiba. Wani Baturen Ingila, Frank Goodman, ya ƙera wani samfuri mai suna Nordkapp domin wata tafiya da aka yi a gaɓar tekun Norwe a 1975, kuma a watan Disamba na 1977 shi da abokansa 3 suka zagaya tsinin Kudancin Amurka da ake kira Cape Horn a cikin irinsa, wurin da manyan jirage ma ke tsoro. Tsawon jirgin nan bai wuce mita 5 da rabi ba, faɗinsa kuwa ya ɗan ɗara rabin mita, kaurin jikinsa 'yan milimita ne kawai. Mutum ɗaya yana iya ɗaga shi. Abin da ke tsakanin matuƙi da mutuwa ke nan. Shi ya sa masu wannan tafiya ba su tashi sai da 'yar jakar gyara, kuma idan sun fito gaɓa sukan kifar da jirgin su duba gindinsa kafin su nemi abinci. Teku ba ta wurinmu, amma zaren da rezin ɗaya ne, kuma abin da suka koya a kan duwatsun gaɓarsu zai yi aiki a kan duwatsun Binuwai.

To, mu kuma yaya muke yi? Jirgi ya bugi kututture, an ga 'yar tsaga, ruwa yana tsattsafowa. Sai a kira wanda ya saba toshe kwalekwalen katako, ya zo da tsumma da kwalta, ya narka, ya shafa. Ba laifinsa ba ne, abin da ya sani ke nan, kuma a kan katako aikinsa yana da kyau, gama katako yakan kumbura ya matse tsumman. Faiba ba ya kumbura. Kwalta takan toshe ruwan na mako biyu ko uku, amma ba ta mayar wa jikin ƙarfinsa ba, tsagar tana nan tana tafiya a ƙarƙashi duk lokacin da aka ɗora buhu. Mafi muni kuma, man da ke cikin kwalta yakan shiga cikin zaren, rezin kuwa ba ya kama wuri mai maiƙo. Ran da aka kawo mai gyara na ainihi, tilas ya yanke duk inda kwalta ta taɓa. Tsagar da tafin hannu zai rufe ta zama rami mai faɗin faifai. Haka nan ƙusa da fallen kwano: kowace ƙusa sabuwar ƙofa ce ta ruwa. Wani kuma yakan je wurin masu gyaran jikin mota ya karɓo abin da suke cike lotsewa da shi. Wannan ba shi da zare a ciki, yana kuma shan ruwa. Zai yi kyau a ido, ya faɗo a tsakiyar kogi.

Gyaran gaskiya ba shi da wuyar da ta fi ƙarfin saurayin da ya iya facin taya, sai dai yana son haƙuri, kuma yawancin aikin ana yin sa ne tun ba a buɗe gwangwanin rezin ba.

A fitar da jirgin, a kifar da shi a inuwa inda iska ke wucewa. A nemi iyakar ɓarnar, domin abin da ido ke gani sau da yawa rabi ne. A ɗauki tsabar kuɗi ko ƙaramin ƙarfe a riƙa ƙwanƙwasawa kewaye da tsagar: wuri mai lafiya ƙararsa tsaf take, inda zaren ya rabu kuwa sai ka ji ta dushe kamar ɓawon kabewa. Da dare a sa tocila a ciki a duba ta waje, inda ya sirance haske zai fi fitowa. A zana iyakar da fensir. Sa'an nan a wanke da sabulun gari, a bari ya bushe, a goge da asiton. Kada a goge da fetur ko kananzir, maiƙo suke bari. A yi wankin nan kafin a sa samfefa, in ba haka ba samfefar za ta tura dattin cikin jiki.

Sai bushewa, a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Ruwa yakan ɓuya cikin zaren da ya tsage, jiki ya bushe a waje alhali cikinsa jiƙe yake. A ba shi kwanaki. Idan ana so a tabbata, a manna farar leda a kan wurin da salatif, a bar ta daga safe zuwa yamma. In an ga raɓa a cikin ledar, bai bushe ba, kome gaggawar masu kaya.

Bayan ya bushe, a kankare da samfefa mai kaushi, lamba 80 ko ƙasa da haka, har duk zaren da ya yi fari ya fita. Kada a bar bakin ramin a tsaye kamar bakin rijiya, a kwantar da shi kamar gangaren tafki. Ƙa'idar da maƙeran jirage ke bi ita ce faɗin gangaren ya zama ninki 12 na kaurin jikin. Idan kaurin milimita 5 ne, gangaren zai zama santimita 6 ta kowane gefe. Mutum zai ji kamar ɓarna yake ƙarawa, amma wannan faɗin shi ne wurin da sabon faci zai kama. Idan ramin ya huda har ciki, a tokare bayansa da kwali ko siririn katako da aka lulluɓe da leda, domin a fitar da siffar jirgin.

A yanka yadin gilas tun kafin a haɗa rezin, falle-falle, kowanne ya fi na bayansa ƙanƙanta, a kuma zagaye kusurwoyinsu da almakashi, gama kusurwa mai tsini ita ce ke fara ɗagowa. Tabarma mai nauyin giram 450 a kan murabba'in mita ɗaya takan ba da kauri wajen milimita 1, takan kuma sha rezin kilo 1 ko fiye da haka kaɗan. Da wannan ma'aji zai iya lissafin abin da za a saya. Masu sana'ar sun rabu biyu a kan wane falle ake fara shimfiɗawa, babba ko ƙarami. Ni ina tare da masu fara babba, domin shi ne ke kwanciya a kan gangaren duka, kuma idan an zo gogewa daga baya ƙananan ne samfefa za ta ci.

Yanzu maganar rezin. Iri biyu ne za ku tarar a kasuwa, kuma rashin bambanta su ya ɓata jirage da yawa. Akwai poliyesta, mai araha, mai wari mai ƙarfi, wanda da shi ake ƙera yawancin jirage. Shi hadnarsa kaɗan ce, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Gwangwanin madara ƙarami ɗaya na rezin, mililita 2 na hadna ya ishe shi a zafin ƙasarmu. A auna da sirinji, kada a auna da ido. Akwai kuma efoksi, mai tsada, wanda ya fi kama tsohon jiki, ya fi kuma hana ruwa. Shi ruwa biyu ne ake haɗawa bisa ga ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwani, wani 2 da 1, wani 5 da 1, kuma ƙara masa hadna ba ya sa shi saurin daskarewa, sai dai ya bar shi da danƙo har abada. Efoksi yana kama poliyesta, amma poliyesta ba ya kama efoksi da kyau. Saboda haka idan an taɓa yin faci da efoksi, sakatare ya rubuta a littafin ƙungiya, domin mai gyara na gaba ya sani. Har wa yau, tabarmar nan ta daddatsen zare yawancinta da poliyesta take tafiya, domin shi ne ke narkar da abin da ya manne ta. Mai efoksi ya sayi saƙaƙƙen yadi. Rana tana cin efoksi, tilas a rufe shi da fenti. Ga ƙungiyar da kuɗinta kaɗan ne, poliyesta a kan wurin da aka shirya sosai ya isa. Idan tsagar tana ƙarƙashin ruwa a wurin da ke ɗaukar nauyi, ni dai sai in ce a daure a sayi efoksi.

A haɗa kaɗan-kaɗan. A ƙasar sanyi mai gyara yakan sami minti 15 ko 20 kafin rezin ya fara kamawa. A zafin Maris da Afrilu ba za ka sami rabin haka ba, yana cikin kofi zai yi zafi, ya daskare da buroshin a ciki. Saboda haka aikin sassafe ne, a inuwa. A shafa rezin a wurin, a shimfiɗa falle, a riƙa dannawa da bakin buroshi har farin yadin ya ɓace ya koma garai-garai kamar gilas. Inda ya rage fari, iska ce ko bushewa, a danna har ta fita. Sa'an nan falle na gaba, tun na farko bai daskare ba. Kuskuren sabon hannu shi ne ambaliya da rezin, yana tsammani kauri shi ne ƙarfi. Rezin da ba zare a ciki fashewa yake yi kamar kwalba. In an gama a rufe da leda mai kauri, a shafe ta da hannu. Za ta hana ƙura, ta sa fuskar ta yi sumul, ta kuma hana danƙon nan da poliyesta ke yi idan iska tana taɓa shi. Gobe ta ɓare da kanta, domin rezin ba ya kama leda.

A nan bari in ɗan ratse. Tun da rezin ba ya kama leda, ba ya kama 'yan'uwanta ma. Baƙaƙen tankunan ruwa na roba da jarkoki da wasu ƙananan jirage na zamani duk dangin leda ne. Kada wani ya ce zai gyara muku tankin ƙungiya da ragowar rezin, asara ce. A duba ciki: faiba za ka ga alamar zare, roba kuwa sumul take ciki da waje.

Facin zai yi tauri cikin awa ɗaya ko biyu, amma bai nuna ba. A bar shi aƙalla kwana ɗaya cikakke, kwana 2 ko 3 ya fi, sa'an nan a goge, a shafa jelkot ko fenti. Inda hannu zai kai, a ƙara falle ɗaya ko biyu ta ciki.

Ba zan wuce maganar lafiya ba. Hadnar poliyesta ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. A sa tabarau, a ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa, in ta faɗa a ido a wanke minti 15 ba tsayawa, a tafi asibiti. Rezin da asiton suna kama wuta, ban da taba, ban da murhu. Ragowar da ke cikin kofi a kai ta kan yashi nesa da jinka, gama tana iya yin zafi har ta yi hayaƙi. Idan mai sayarwa ya haɗo muku da wani ruwa mai launin shunayya, mai sa saurin kamawa, a garwaya shi cikin rezin tukuna sosai. Kada ya taɓa haɗuwa da hadna kai tsaye, fashewa suke yi, kada ma a ajiye su a akwati ɗaya. Ƙurar gogewa tana sa ƙaiƙayi, tana cutar huhu, a rufe hanci, a sa safar hannu. Yara kuwa a kore su, ko sun yi kuka.

Abin da ya fi burge ni a wurin masu kayak shi ne ba su jira sai jirgi ya huje. Sun san inda ke fara cinyewa: layin tsakiyar gindi, daga goshi zuwa wutsiya, inda ke gogar yashi da dutse. Sai su manna ɗamarar yadin gilas mai faɗin santimita 5 a kan layin tun jirgi yana sabo. Ita ce za ta ci wahala, in ta cinye a kankare a sa wata. Mu da muke jan jirgi a kan tsakuwa da kaya a ciki mun fi su bukatar wannan. A kuma shimfiɗa tsofaffin tayoyi ko gumagumai a kwata, ba a sayen su da tsada. A duba inda kujeru suka haɗu da jiki. Mai inji ya duba allon baya inda injin ke rataye, domin sau da yawa katako ne a cikinsa aka rufe da faiba, in ruwa ya bi ramin noti ya shiga sai ya ruɓe a ɓoye. Amma kada a yi ta jibga falle a wuri ɗaya har ya zama kamar dutse, domin jiki yana lanƙwasa kaɗan a kan ruwa, kuma a bakin wurin da ya fi tauri ne sabuwar tsaga ke fitowa.

Akwai kuma abin da mai sayar da jirgi ba lalle ya gaya muku ba. Kwalekwalen katako idan ya cika da ruwa sau da yawa yakan tsaya a sama, mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Faiba ya fi ruwa nauyi. Idan ya cika, ƙasa zai tafi, sai fa in an gina masa ɗakunan iska ko an cusa masa soso mai hana nutsewa. Kayak na teku an raba cikinsa da bango, gaba da baya a rufe, domin ko ruwa ya cika wurin zama jirgin ya tsaya a sama. Ku duba naku. Idan akwai akwatunan iska a ƙarƙashin kujeru, tsaga a jikinsu ta fi tsagar gindi haɗari, domin ba wanda ke ganinta sai ranar da ake bukatarsu. Idan babu, a ɗaure jarkoki marasa kome, a rufe da kyau, a ƙarƙashin kujeru gaba da baya. Jarka mai lita 25 tana ɗaga nauyi kusan kilo 25 a ruwa. Wannan bai ɗauke wa kowa sa rigar ruwa ba, bai kuma ba da izinin lodi fiye da kima ba, gama faiba ma yana kifewa.

Na san abin da ma'aji zai ce: kayan nan ba a samun su a kasuwar ƙauye, sai an je babban gari, ga tsada. Gaskiya ne. Zai kuma ce a sayo da yawa a ajiye, a nan ne ban yarda ba. Poliyesta ba ya daɗewa, wajen wata 6 ne a wuri mai sanyi, a ɗakin kwano kuwa ba zai kai ba, za ku buɗe ku tarar ya zama dutse. Yadin gilas da samfefa da buroshi su ne za a ajiye, a cikin leda inda damshi ba ya kaiwa. Rezin a sayo shi gab da aiki. Ƙungiyoyi biyu ko uku na bakin kogi ɗaya su sa rana ɗaya, su aiki mutum ɗaya, su raba kuɗin mota. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama kwashe amfanin gona, Disamba zuwa Janairu, iska a bushe, safiya da sanyi, ledar nan kuma ta tare ƙurar hunturu. A riƙa cire wani abu daga kuɗin fito na kowace rana ana sa wa a asusun gyara, dabam da kuɗin mai. A tura mutum 2 su koya a wurin masu ƙera jiragen faiba, kada a tura ɗaya, domin ɗaya yana iya tafiya birni da ilimin. In da hali, ɗaya daga cikinsu ya zama shi tsohon mai toshe kwalekwalen, ya riga ya san inda jirgi ke ciwo.

Akwai ɓarnar da ba ta gyaran bakin kogi ba ce. Idan ka taka gindin jirgi ka ji yana lotsawa ko'ina kamar tabarma, ko allon baya yana motsi in an girgiza inji, ko tsaga ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, faci ba zai yi ba. A kai shi wurin maƙera. Kafin a kai shi, shugaba ya karɓi filafilai da makullin inji ya ajiye a gidansa, ko da ranar kasuwa ce.